Oumarou Ganda: Ɗan dakon da ya zama jarumi, marubuci kuma daraktan da FESPACO ta fara ba babbar kyautarta

A shekarar 1972, masu shirya fina-finai daga sassan Afirka suka hallara a Wagadugu, babban birnin ƙasar da a lokacin ake kira Upper Volta, wato Burkina Faso ta yau. Bikin fina-finai na FESPACO ne ya tara su, kuma a wannan shekarar ne aka fara ba da babbar kyautar bikin, wadda ake kira Ingarman Yennenga.

Wanda ya fara ɗaukar ta wani ɗan Nijar ne mai shekara 37, wanda karatunsa na boko bai wuce firamare ba. Shekara 15 kafin wannan rana, buhuna yake saukewa daga jiragen ruwa a Abijan. Sunansa Oumarou Ganda, ko Umaru Ganda kamar yadda Bahaushe zai faɗa.

A yau, a garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe, ba abin mamaki ba ne ka ga matashi da wayarsa yana haɗa gajeren fim: shi ya ƙirƙiro labarin, shi zai fito a ciki, shi ne kuma zai nuna wa abokinsa inda zai tsaya da kyamara. Da wuya irin wannan matashi ya taɓa jin sunan Ganda, duk da cewa daga Tambuwal, in ka bi ta Jega da Birnin Kebbi ka tsallaka ta Kamba zuwa Gaya da Doso, hanyar Yamai ce kai tsaye, garin da mutumin ya rayu ya kuma yi aikinsa.

Ganda ya haɗa waɗannan ayyuka uku tun zamanin da babu bidiyo, babu waya, babu kasuwar fim. Yadda aka yi ya haɗa su, da abin da ya tilasta masa haɗa su, shi ne tarihinsa.

Yaro a fagen yaƙin da ba nasa ba

An haifi Oumarou Ganda a Yamai a 1935, lokacin Nijar tana ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Bazabarme ne. Ya yi firamare a garin, kuma yana ɗan shekara 16 ya shiga aikin sojan Faransa.

A lokacin Faransa tana cikin yaƙi a yankin Indochina, wanda ya haɗa Biyetnam da Lawos da Kambodiya. Tun 1946 mayaƙan Viet Minh ƙarƙashin Ho Chi Minh suke fafutukar korar Faransawa daga ƙasarsu. Faransa ta kwashi dubban sojoji daga ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta kai su can. Ko daga wace ƙasa sojan ya fito, Nijar ko Mali ko Gini, sunan da ake kiran su da shi ɗaya ne: 'yan bindigar Senegal.

Ganda ya yi shekara biyu a wannan fage. Yaro ne daga ƙasar da aka mallaka, an ba shi bindiga ya yaƙi wasu mutanen da su ma aka mallaka, don kare wanda ya mallake su duka.

A 1954 aka yi wa Faransa mummunan kaye a Dien Bien Phu, yaƙin ya ƙare. Ganda ya dawo Yamai a matsayin tsohon soja, amma aikin yi ya gagara. Kamar sauran samarin Nijar na wancan zamani, sai ya kama hanyar ci-rani zuwa gaɓar teku.

Abijan: inda kyamara ta same shi

Abijan ta shekarun 1950 gari ne mai jan baƙi. An buɗe mashigar ruwa ta Vridi a 1950, manyan jiragen ruwa suka fara shigowa har cikin gari, aikin lebura ya yawaita. Ganda ya zama ɗan dako a tashar jiragen, yana zaune a unguwar Treichville inda 'yan ci-rani suka fi yawa.

A can ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniya, daga baya ya koma nazarin al'adun jama'a da ɗaukar fim. Rouch yana bincike a kan 'yan Nijar masu zuwa ci-rani Kwaddibuwa da Ghana, sai ya ɗauki Ganda a cikin masu taya shi tattara bayanai.

Daga wannan aiki ne fim ɗin *Moi, un noir* ya fito a 1958. Ma'anar sunan ita ce: Ni, baƙar fata. Fim ɗin ya bi rayuwar wasu samari 'yan ci-rani a Treichville, daga ranakun aiki zuwa Asabar da Lahadi, har a wayi gari Litinin. Kowannensu ya ari sunan wani tauraron fim ɗin Turawa. Ganda, wanda shi ne babban jarumi, ya ɗauki sunan Edward G. Robinson.

Yadda aka yi fim ɗin shi ne abin lura. Kyamarar Rouch ba ta ɗaukar murya tare da hoto. Sai da aka gama ɗauka, aka haɗa hotunan, sannan aka zaunar da Ganda a gaban majigi yana kallon kansa yana magana. Babu rubutu a hannunsa. Abin da ya zo bakinsa shi ya faɗa: yunwa, ƙarancin lada, burin zama zakaran dambe, macen da yake so amma wani baƙon matuƙin jirgi ya fi shi kuɗi.

A ƙarshen fim ɗin an gan shi yana tafiya a bakin ruwa da wani yaro, yana ba shi labarin Indochina, yana faɗuwa ƙasa yana tashi yana kwaikwayon yadda ake harbi da yadda ake mutuwa.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis-Delluc a Faransa a 1958. Matasan daraktocin Faransa, musamman Jean-Luc Godard, sun yaba masa ƙwarai, kuma masana tarihin fim suna lissafa shi cikin ayyukan da suka share fage ga sabon salon fim na ƙasar.

Amma sunan da aka rubuta a matsayin mai fim ɗin na Rouch ne. Rayuwar ta Ganda ce, muryar tasa ce, kalmomin nasa ne. Wanda ya zaɓi abin da za a nuna da abin da za a yanke, wani ne daban. Daga baya Ganda bai ɓoye cewa akwai abubuwan da bai gamsu da yadda aka nuna su ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan shi ne darasin farko da ya koya a harkar: jarumi, komai iyawarsa, a hannun mai labari da mai ba da umarni yake.

Shekara goma kafin ya riƙe alƙalami

Fitowa a fim ɗin da ya yi suna a Turai bai mayar da Ganda attajiri ba. Ya koma Yamai, wadda ta zama babban birnin ƙasa mai 'yanci a ranar 3 ga Agusta, 1960.

A Cibiyar Al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai, an kafa wata ƙungiya ta masu sha'awar fim, inda ake koya wa matasa sarrafa kyamara, ɗaukar murya da haɗa hoto. Ganda ya shiga, ya yi aiki a matsayin mataimaki. Mutumin da aka riga aka san fuskarsa a Paris ya koma ɗaukar kaya da riƙe fitila, yana kallon yadda ake aikin daga bayan kyamara.

Ba shi kaɗai ba ne. A wannan zamanin ne Moustapha Alassane ya yi *Aouré* a 1962, fim a kan aure, sannan a 1966 ya yi wani fim ɗin da ya kwaikwayi fina-finan kaboyi, inda aka fara ganin Zalika Souley da Djingarey Maïga. Ƙaramar Yamai ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyin fim na farko a Afirka ta Yamma.

A 1968 ƙungiyar ta shirya gasar rubuta labarin fim. Ganda bai je nesa neman labari ba. Ya koma kan abin da aka taƙaita a 'yan mintuna a ƙarshen fim ɗin Rouch, wato rayuwar tsohon soja, ya rubuta shi yadda shi ya san shi. Shekara goma ke nan cif tsakanin ranar da aka ba da labarinsa da ranar da ya ba da shi da kansa.

Cabascabo: mutum ɗaya, aiki uku

Sakamakon wannan rubutu shi ne *Cabascabo*, fim mai tsawon kusan minti 45, baƙi da fari, mafi yawansa da Zabarmanci. Ganda ne ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya fito a matsayin Cabascabo.

Labarin mai sauƙi ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin ɗan ci-rani ya dawo gida da 'yan kuɗi zai gane shi. Soja ya dawo daga Indochina, an tarbe shi da murna. Abokai sun kewaye shi, mata sun kewaye shi, maroƙa suna kiran sunansa. Yana ba su labarin yaƙi, fim ɗin yana komawa baya yana nuna abin da ya gani. Yana kashe kuɗi ba lissafi.

Ranar da aljihu ya bushe, kowa ya watse. Ya nemi aiki, ya tarar cewa kakin da ya sa da jinin da ya gani ba su da daraja a wurin masu ɗaukar lebura. Daga ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi karkara.

Abin da ya bambanta wannan da fim ɗin farko a fili yake. A na Rouch, ana kallon ɗan ci-rani da tausayi da sha'awa, amma daga waje. A na Ganda, tsohon sojan bai tsira daga zargi ba, haka ma jama'arsa. An nuna wautarsa, an nuna kwaɗayin abokansa, an nuna wulaƙancin da sojan Afirka yake sha a hannun manyansa. Baƙo ba zai iya faɗin wannan ba tare da an ce ya yi cin fuska ba. Ɗan gida ne kawai zai iya.

A 1969 aka zaɓi *Cabascabo* aka nuna shi a ɓangaren masu sharhi na bikin Cannes a Faransa, aka kuma karrama shi a bikin fina-finai na Mosko a wannan shekarar.

Akwai wani mutum da tarihinsa ya yi kama da na Ganda: Ousmane Sembène na Senegal, wanda ake kira uban fim ɗin Afirka. Shi ma ya yi sojan Faransa, shi ma ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille, shi ma yakan rubuta labarinsa ya kuma leƙo a cikin fim ɗinsa. Bambancin shi ne Sembène ya shigo ta ƙofar rubutun littafi, ya kuma yi karatun fim a Mosko. Ganda ta ƙofar wasan kwaikwayo ya shigo, makarantarsa kuma ita ce wurin ɗauka.

Ya juyo da kyamara cikin gida

Da ya sauke nauyin labarin kansa, sai Ganda ya waiwayi al'ummarsa.

Fim ɗinsa na biyu, *Le Wazzou polygame*, ya fito a farkon shekarun 1970, mai launi, shi ma da Zabarmanci. Kalmar wazzou 'yar'uwar kalmar wa'azi ce. Labarin wani mai hali ne da ya dawo daga Makka da sunan Alhaji, yana da mata biyu, sai idonsa ya faɗa kan wata yarinya mai suna Satou wadda aka riga aka yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Kuɗi da suna suka yi aiki, iyaye suka karya alkawari. Garba ya bar gari. Matar Alhajin ta biyu, wadda kishi ya rufe wa ido, ta ƙudura kashe amaryar, amma sai ta kashe wata daga cikin ƙawayen amarya bisa kuskure.

Mai kallo da idon basira zai ga cewa abin da fim ɗin ya sa a gaba shi ne mutumin da ya mayar da sunan addini da dukiya makamin danne na ƙasa da shi, da iyayen da suka fifita abin hannu a kan alkawari. Wannan fim ne ya ci Ingarman Yennenga a 1972.

Daga nan sai *Saïtane*, wato Shaiɗan, wanda Ganda ya sake fitowa a cikinsa tare da Zalika Souley da Damouré Zika. A nan ma ya taɓo inda ake jin tsoron taɓawa: malamin tsibbu da ya zama ɗan aike tsakanin matar aure da wani mai kuɗi.

Irin waɗannan labarai suna da tsada, kuma ba darakta kaɗai ke biya ba. Zalika Souley, wadda ta fito a manyan fina-finan Ganda, ta sha tsangwama daga mutanen da ba sa bambanta rawar da mutum ya taka a fim da halinsa na zahiri. Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta mai suna *Al'lèèssi*, kuma Zalika ta rasu a 2021. Matan Kannywood na yau sun san wannan ciwo.

Duk da saɓanin ra'ayi a kan fim ɗin farko, Ganda bai yanke hulɗa da Rouch ba. Ya fito a *Babatu*, fim ɗin Rouch na 1976 da ya ɗauko sunansa daga shahararren mayaƙin Zabarmawa na ƙarni na 19. Sai dai a wannan karon ya shiga ne a matsayin darakta ɗan'uwan darakta.

Me ya sa fina-finansa ba su da yawa?

Wanda ya saba da Kannywood, inda darakta kan fitar da fina-finai da dama a shekara, zai yi mamakin cewa manyan fina-finan labari na Ganda huɗu ne kawai cikin shekara 12, sai wasu na tarihi da al'adu.

Dalilin yana cikin yadda ake yin fim a lokacin. A kan zaren fim ake ɗauka, wanda ake sayowa daga waje da tsada, kuma in an ɓata ba a gogewa a sake. In an gama ɗauka, sai an aika da shi Faransa a wanke, a can kuma ake yawan yin aikin tacewa da haɗa murya. Darakta kan yi makonni bai ga abin da ya ɗauka ba.

Kuɗin aiki kuma akasari daga tallafi yake zuwa, musamman daga ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa. Gidajen silima na ƙasashen renon Faransa kuwa suna hannun kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, waɗanda suka fi son nuna fina-finan Amurka da Indiya da Faransa saboda sun fi arha, sun fi kawo kuɗi. Fim ɗin ɗan Nijar kan ci kyauta a Turai alhali bai samu mako guda a silimar garinsu ba.

A irin wannan hali, haɗa aiki uku yana da amfani biyu. Yana rage kashe kuɗi, yana kuma tabbatar da cewa labarin bai canza kama a hannun wani ba. Amma ko a haka Ganda bai taɓa yin fim shi kaɗai ba. Mai ba da umarnin da ya shiga gaban kyamara ba ya ganin kansa, dole ya dogara da idon mai ɗaukar hoto, da kunnen mai ɗaukar murya, da hannun mai tacewa. Shekarun da ya yi yana mataimaki su suka koya masa abin da zai nema a wurin kowannensu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A wannan gefen iyaka ma haka abin yake. Adamu Halilu ya yi *Shaihu Umar* a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma sai da bidiyo ya zo, aka yi *Turmin Danya* a Kano a 1990, sannan fim ɗin Hausa ya zama sana'ar da za ta ciyar da kanta.

Fim na ƙarshe: alkawari kaya ne

A 1980 Ganda ya fitar da *L'Exilé*, mafi tsawo a cikin fina-finansa, kuma ya sake fitowa a ciki. Sunan yana nufin wanda ya bar ƙasarsa ba da son ransa ba. Wani jakadan Afirka da ke gudun hijira ne yake ba abokansa Turawa wata tatsuniya.

A tatsuniyar, sarki ya ji wasu 'yan'uwa biyu suna cewa in za a aura musu 'ya'yan sarki, sun yarda a sare kawunansu bayan shekara. Sarki ya aura musu. Da shekara ta cika, ɗaya ya miƙa wuya, ɗayan ya gudu da matarsa. Ya yi ta yawo har ya zama sarki a wani gari, amma a ƙarshe sai da ya ba da ransa saboda maganar da ta fita daga bakinsa da kuma jama'ar da ke ƙarƙashinsa.

An yi wannan fim a zamanin da sojoji ke ta kifar da gwamnatoci a Afirka, ita kanta Nijar tana hannun Seyni Kountché tun juyin mulkin 1974. Fim a kan nauyin maganar shugaba bai buƙaci dogon sharhi a wurin masu kallo na lokacin ba.

Ranar 1 ga Janairu, 1981, Oumarou Ganda ya rasu sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 45, yana tsaka da aikin wani fim.

Abin da ya bari

A Yamai akwai babbar cibiyar al'adu da ke ɗauke da sunansa, inda ake wasanni da kaɗe-kaɗe da taruka. A FESPACO kuma akwai kyautar Oumarou Ganda, wadda ake ba wa daraktan da ya fi fice da dogon fim ɗinsa na farko.

Jean Rouch ya rayu shekara 23 bayansa. Ya rasu a haɗarin mota a watan Fabrairun 2004 kusa da Birnin Ƙonni, daf da iyakar Illela ta Jihar Sakkwato, aka binne shi a Yamai. Garin ɗaya ya taɓa riƙe sunayensu biyu: cibiyar al'adun da Ganda ya koyi aiki a cikinta ta amsa sunan Rouch har zuwa 2024.

Matashin Tambuwal ko Kebbe da ke riƙe da waya a yau ya mallaki abin da Ganda bai taɓa samu ba. Yana iya ɗauka, ya kalla nan take, ya goge, ya sake, ya tace, ya tura wa duniya kafin magariba, ba tare da ya jira Paris ba.

Abin da Ganda ya riga shi samu kuwa shi ne labarin da ya san ciki da wajensa, da haƙurin shekara goma yana koyon aikin wasu kafin ya ce a ɗauka. Bai fara da kiran kansa marubuci, jarumi kuma darakta ba. Ɗaya bayan ɗaya ya ɗauki ayyukan, kowanne a lokacin da ya ga cewa in bai ɗauka ba, wani ne zai faɗi labarinsa a madadinsa.